Kifayen ado: Waɗanda za su iya zama tare, da adadin da akwati zai ɗauka

Akwatin gilashi mai ɗauke da kifaye masu launi ya zama abin da ido ke yawan cin karo da shi a otal-otal, ɗakunan jira na asibitocin kuɗi, ofisoshi da falukan gidaje a birane irin su Abuja, Kano da Kaduna. Abin da baƙo ba ya gani shi ne kifayen da ake tsamowa matattu da sassafe, a koma kasuwa a sayo wasu a maye gurbinsu. Akan ɗora laifin a kan ruwan gari, ko a ce kifin ado dama ba shi da ƙwari. Idan aka bi diddigi kuwa, sau da yawa sanadin bai wuce ɗayan biyu ba: ko dai an haɗa kifayen da ba sa ga-maciji da juna, ko an zuba fiye da abin da akwatin zai iya ɗauka.

Wannan bayani ya shafi akwatin ruwa marar gishiri wanda ake haɗa nau'o'in kifi daban-daban a cikinsa. Ƙa'idar da ya ginu a kanta ita ce, ana lissafi ne da girman da kifi zai kai bayan ya balaga, da halinsa, da irin ruwan da ya fito daga ciki. A ƙasa irin tamu akwai ƙari guda, wato a yi lissafin da ranar da babu wutar lantarki kuma ana tsananin zafi, domin a irin wannan rana ce ake gane akwatin da aka ɗora wa fiye da ƙarfinsa.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan

A kogi, ruwa mai gudu ne ke kwashe ƙazantar kifi ya yi gaba da ita. A cikin akwati babu inda za ta je. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kunnuwan da yake numfashi da su, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna ƙara ta. Amoniya guba ce ko da 'yar kaɗan ce, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko ya karkata ga ɗabi'ar kanwa.

Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a jikin soson filta, wato matacin ruwan, da kan tsakuwa. Wani rukuni yana mayar da amoniya zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Wani rukunin kuma yana mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta waɗancan ba, sai dai yana taruwa, kuma canjin ruwa ne ke rage shi. Akwati lafiyayye shi ne wanda gwaji ya nuna babu amoniya babu naitirayit a cikinsa, naitiret kuma bai wuce miligiram 40 a kowace lita ba, in so samu ne ma ya tsaya ƙasa da 20.

Waɗannan ƙwayoyi kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati. Wanda ya sayi akwati da kifaye a rana guda ya zuba su da yamma, ya sa su ne cikin ruwan da babu abin da zai kawar musu da guba. Ruwan zai kasance garai-garai a ido, tun da amoniya ba ta da launi, amma cikin kwanaki kaɗan kifaye za su fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Abu na biyu shi ne oksijin. Yana shiga ruwa ne ta samansa, inda ya haɗu da iskar ɗaki, kuma motsin saman ruwan yana ƙara saurin shigarsa. Shi ya sa akwati mai tsawo da faɗi ya fi dogo siriri ɗaukar kifi, ko da yawan ruwansu ɗaya ne. Zafi ma yana da nasa hukuncin: lita guda ta ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salsiyas tana iya riƙe oksijin kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa bai wuce 7.5 ba. A daidai wannan lokaci ne buƙatar kifi ke ƙaruwa, domin ayyukan jikinsa suna kusan ninkawa duk lokacin da zafin ruwa ya hau da digiri 10.

Lissafin adadi

Matakin farko shi ne sanin yawan ruwan. A auna tsawo da faɗi da zurfin akwati da santimita, a ninka su da juna, a raba da 1,000. Akwati mai santimita 60 da 30 da 30 yana cin lita 54, wato jarka biyu ta 'yan ga-ruwa mai lita 25 da ɗan ɗoriya. Idan aka cire wurin da tsakuwa da duwatsu suka cinye, da 'yar tazarar da ake bari a sama, abin da ya rage bai fi lita 45 ba. Da wannan adadi ake aiki.

Akwai tsofaffin ƙa'idoji biyu da masu wannan kiwo suka gada. Ta farko ta ce inci guda na tsawon kifi ga kowane galan na Amurka, wanda ya yi daidai da santimita 1 ga lita 1.5. Bisa ita, akwatin da aka ambata zai ɗauki kifayen da jimillar tsawonsu ta kai santimita 30. Ta biyu tana duban faɗin saman ruwa ne, ta ce santimita 1 na kifi ga kowane murabba'in santimita 30. Saman wannan akwati murabba'in santimita 1,800 ne, saboda haka ta ba shi santimita 60. Ƙa'ida biyu kenan a kan akwati ɗaya, amsar ɗaya ta ninka ta ɗayar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kintace ne, kuma mai hankali ƙaramar amsar zai ɗauka.

Babban raunin ƙa'idojin biyu shi ne tsawo suke aunawa, alhali ƙazanta da nauyin jiki take tafiya. Idan tsawon kifi ya ninka sau biyu, nauyinsa sau takwas yake ninkawa. Kifi guda mai santimita 25 ya yi tsawon ƙanana goma masu santimita 2.5 idan aka jera su, amma in siffarsu ɗaya ce, ya fi su duka nauyi sau ɗari. Don haka lissafin santimita yana aiki ne kawai ga ƙananan kifaye sirara da ba su wuce santimita 7 ba. Kifi mai kauri ko mai faɗin jiki sai a ba shi ninki biyu ko uku na abin da lissafin ya nuna.

Girman yau da girman gobe

Kusan duk kifin da ke shago ɗan yaro ne, mai watanni kaɗan a duniya. Ga girman da wasu sanannu ke kaiwa idan sun balaga:

- Gofi: namiji santimita 3 zuwa 4, mace 5 zuwa 6
- Tetira niyon: 3 zuwa 4, tetira kadinal: 5
- Rasbora halakwin da daniyo mai zanen jakin dawa: kimanin 5
- Filati: 5 zuwa 6, moli: 8 zuwa 12
- Koridoras: 6 zuwa 7
- Beta: 6 zuwa 7; gurami mai ɗigon lu'ulu'u: 12
- Enjel: tsawo 15, tsayi daga fiffiken sama zuwa na ƙasa 20
- Kifin zinare: mai tagwayen wutsiya 15 zuwa 20, mai wutsiya ɗaya 30
- Oska: 30 zuwa 35, shak bala: 35
- Fileko na gama-gari: 40 zuwa 50
- Koyi da faku: sama da 60
- Fangasiyus, wanda ake sayarwa da sunan shak: sama da mita guda

Tun daga kifin zinare zuwa ƙarshen jerin, babu wanda ya dace da ƙaramin akwatin haɗaka. Koyi kifin kududdufi ne. Faku da fangasiyus kuwa kifayen ci ne da ake kiwo a gonaki a Kudancin Amurka da Asiya, ƙanƙantarsu ce kawai ta kai su shagon ado.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa kifi yana tsayawa daidai girman akwatinsa. Abin da ke faruwa shi ne tsumburewa saboda gurɓataccen ruwa da takura, kuma takan zo da naƙasa da gajartar kwana. Kifin zinare da aka kula da shi yana wuce shekara 10, wasu har 20. A 2005 hukumar birnin Rum a Italiya ta haramta ajiye kifi a cikin kwalbar nan mai siffar ƙwallo, irin wadda har yanzu ake bayarwa a matsayin kyauta.

Magana ta biyu ita ce fileko yana share ƙazantar akwati. Gansakuka yake kankara daga jikin gilashi, ba ya cin kashin kifi, hasali ma yana cikin waɗanda suka fi kowa yawan kashi. Mai son irinsa ya nemi ɗan'uwansa ankistirus mai gashin hanci, wanda ba ya wuce santimita 15.

Ruwa da zafi

Sharaɗin farko na zama tare shi ne buƙatar ruwa iri ɗaya. Abubuwa uku ake dubawa: zafi, ma'aunin pH da yawan ma'adinai. A ma'aunin pH, 7 ita ce tsakiya, ƙasa da ita ruwa ya karkata ga tsami, sama da ita kuma ga kanwa. Ruwa mai yawan ma'adinai shi ne wanda sabulu ba ya kumfa sosai da shi, yake kuma barin farin ɓawo a gindin butar shayi.

Gofi, filati da moli suna son ruwa mai ma'adinai, pH daga 7 zuwa 8. Tetira niyon da kadinal sun fito daga rafukan yankin Amazon masu ƙarancin ma'adinai, sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Dangin karfasa na Tafkin Malawi, waɗanda ake kira imbuna, ruwansu yana kusa da 8, ga su da faɗa, saboda haka akwatinsu daban ne. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya gwada ruwan gidansa, ya zaɓi kifin da ya dace da shi. Ƙoƙarin sauya ɗabi'ar ruwa da magunguna yakan jawo hawa da sauka, wanda ya fi cutar da kifi.

Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, mai ƙona kunnuwan kifi da kashe bakteriyar filta, don haka ana sa masa maganin kawar da kulorin kafin a zuba. Ruwan rijiyar burtsatse kuwa yakan fito da ƙarancin oksijin, kuma pH ɗinsa kan canja bayan ya sha iska. A tare shi a bokiti ya kwana da famfon iska, sa'annan a gwada.

Batun zafi shi ne inda littattafan Turai ba su cika amfanar mu ba, domin damuwarsu sanyi ce. A Kano, Sakkwato da Maiduguri zafin rana yana kaiwa digiri 40 a watan Afrilu, ruwan akwati a ɗakin da babu na'urar sanyaya wuri kuma yana iya haura 30. Kifin zinare ya fi son 18 zuwa 23, daniyo 18 zuwa 25, niyon 20 zuwa 26, dukkansu kuwa suna jigata idan zafi ya daɗe. Waɗanda suka fi jure ɗumin 28 zuwa 30 su ne beta, gurami, enjel, kadinal da koridoras nau'in sitabai. Fanka da aka saita tana hura saman ruwa tana iya sauke zafin da digiri 2 ko 3.

Da hunturu kuma lamarin juyewa yake yi. Sanyin dare a Jos da Kano yana sauka ƙasa da digiri 15, kuma faɗuwar zafin ruwa farat ɗaya tana buɗe ƙofa ga cutar farin ɗigo, wadda ke bayyana kamar an barbaɗa wa kifi gishiri. Hita mai kashe kanta, kimanin wat 1 ga kowace lita, tana magance wannan.

Halin kifi

Babban kifi yana cin ƙarami, kuma ƙa'idar ba ta da togaciya sosai: duk abin da ya shiga bakin kifi abinci ne. Enjel da niyon suna zama lafiya suna ƙanana, amma da zarar enjel ya girma sai a ga niyon suna raguwa cikin dare. Haɗa oska da gofi kuwa ba wa kura ajiyar nama ne.

Akwai masu cizon fuka-fukai. Shugabansu shi ne bab mai ratsin baƙi da ake kira taiga, ɗan asalin Sumatara da Boniyo. Ba a haɗa shi da mai dogon fiffike kuma mai nawar iyo, irin su beta, enjel, gurami da gofi namiji. Idan aka tara taiga 8 ko fiye, yawancin tsokanar takan tsaya a tsakaninsu.

Akwai masu kare muhalli. Beta maza biyu ba sa zama akwati ɗaya, domin a ƙasar Tailan an daɗe ana kiwon su ne don faɗa, kuma beta kan far wa gofi namiji saboda launinsa da doguwar wutsiyarsa. Gurami maza ma sukan yi zaman doya da manja a ƙaramin wuri. Dangin karfasa, waɗanda masana ke kira sikilid, suna tsananta faɗa lokacin da suke gadin ƙwai. Tsirrai, itace da duwatsun da za su tare wa kifi ganin ɗan'uwansa suna rage wannan rikici ƙwarai.

Akwai kuma 'yan ayari. Tetira, rasbora, daniyo, bab da koridoras a garke suke rayuwa, kuma mafi ƙarancin adadinsu 6 ne daga nau'i guda. Wanda aka bari shi kaɗai ko su biyu yakan kasance a tsorace, launinsa ya dushe, ya daina cin abinci. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar biyu daga wannan, biyu daga wancan, har nau'i goma. Nau'i biyu ko uku masu cikakken garke sun fi lafiya, sun kuma fi kyan gani.

Gofi, filati da moli 'ya'ya suke haifa kai tsaye. Macen gofi tana haihuwa kusan duk wata, sau da yawa 20 zuwa 40, kuma tana iya ci gaba da haihuwa na wasu watanni bayan an raba ta da namiji. Idan za a haɗa jinsi biyu, a ba kowane namiji mata 2 ko 3 don kada ya gallabi guda. Wanda ba shi da wurin kai 'ya'yan ya ajiye maza zalla.

A ƙarshe, a raba kifaye bisa hawa-hawan ruwa. Daniyo da gurami suna sama, tetira da rasbora a tsakiya, koridoras a ƙasa. Na ƙasan yana buƙatar yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin bakin da yake lalube da shi.

Kifayen ruwayenmu

Wasu daga cikin kifayen da ake ji da su a shagunan Turai da Asiya daga kogunan Najeriya ake kamo su, a fitar da su ta Legas. Kiribensis, ɗan ƙaramin sikilid mai jan ciki da masana ke kira Pelvicachromis pulcher, ɗan kudancin Najeriya da Kamaru ne. Namiji yana kai santimita 10, mace 8, kuma yana cikin dangin karfasa ƙalilan da ke zama da wasu, muddin an ba shi kogo, ko da rabin tukunyar ƙasa ce. Akwai Poropanchax normani mai ido kamar fitila, santimita 4, ɗan garke mai sanyin hali da ke iyo a sama. Akwai Pareutropius buffei, ƙaramin mai gashin baki da ke yawo a ayari da rana, santimita 8.

Wasu kuma sai an yi hattara. Kifin nan mai kama da malam-buɗe-littafi, Pantodon buchholzi, yana kwanciya a saman ruwa, yana cin duk ƙaramin da ya gifta, yana kuma tsalle waje idan babu murfi. Mai hancin giwa, Gnathonemus petersii, yana wuce santimita 20, da dare yake kiwo, da wata 'yar wutar lantarki ta jikinsa yake gane hanya, kuma ba ya jure gurɓataccen ruwa. Kifi mai siffar igiya da ya ci sunan Kalaba, Erpetoichthys calabaricus, gwanin sulalewa ne ta kowace 'yar kafa.

Kifayen da masunta suka sani da sunansu yawancinsu ba na haɗaka ba ne. Gartsa tana kai santimita 30 ko fiye, tana haɗiye ƙanana cikin dare. Talibambam yana wuce 40, haƙoransa kuma suna yanke naman duk wanda aka haɗa shi da shi. Minjirya tana iya sakin wutar da ta haura volt 300. Tarwaɗa tana wuce mita guda, kuma ba ta barin kowa. Kurungu yana da ɗan dama-dama a babban akwati tare da kifaye matsakaita. Karfasa tana tone tsirrai, ga faɗa, ga saurin hayayyafa.

Misalan haɗi

Waɗannan misalai sun ginu ne a kan ƙaramar ƙa'idar, da sharaɗin akwai filta mai aiki da canjin ruwa duk mako.

Akwati mai santimita 60 da 30 da 30, lita 54: gofi maza 8, ko masu idon fitila 8, ko beta namiji 1 da rasbora halakwin 6.

Akwati mai 90 da 40 da 40, lita 144: bab ceri 8 da koridoras 6, ko gurami mai ɗigon lu'ulu'u namiji da mace tare da rasbora 10, ko, a ruwa mai ma'adinai, filati 6 da gofi maza 10.

Akwati mai 120 da 45 da 45, lita 243: haɗin 'yan gida, wato kiribensis namiji da mace, Pareutropius 8 da masu idon fitila 10, ko enjel 4, koridoras sitabai 6 da ankistirus 1. Irin wannan akwati idan ya cika da ruwa da tsakuwa nauyinsa yana kai kilo 300, saboda haka teburinsa ma abin dubawa ne.

Ga mai farawa, babban akwati ya fi ƙarami sauƙin riƙo, domin guba da zafi ba sa saurin hawa a ruwa mai yawa.

Ranar da babu wuta

Da zarar an ɗauke wuta, saman ruwa yana daina motsi, oksijin ya fara raguwa, bakteriyar filta kuma, wadda ita ma oksijin take shaƙa, ta fara rauni. Filta rufaffiya da ta yi sa'o'i da yawa a kashe tana iya ruɓewa daga ciki, idan wuta ta dawo ta amayo ƙazantar cikin akwati. A irin wannan hali a ɗauraye ta da ruwan akwatin kafin a kunna.

Inda wuta ba ta da tabbas, abin da ya fi dacewa shi ne filtar soso da famfon iska mai caji. Ƙaramin famfo wat 2 zuwa 5 kawai yake ci, ƙaramar sola ko batir suna riƙe shi. Wanda ba shi da wannan tanadi ya rage sulusi ko rabin adadin da aka bayar a misalan sama. Beta da gurami suna da wata gaɓa da ke ba su damar shaƙar iskar sarari, shi ya sa suka fi jure ƙarancin oksijin, amma amoniya tana kashe su kamar kowa. Idan rashin wuta ya yi tsawo a dakatar da ba da abinci, lafiyayyen kifi yana yin kwana 2 ko 3 ba tare da ya cutu ba, a riƙa kuma ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama.

Famfon iska yana zuƙar duk abin da ke cikin ɗaki. Maganin sauro na feshi da na kunnawa yawanci suna ɗauke da sinadaran fairitiroyid, waɗanda guba ne mai tsanani ga kifi. Kafin a yi feshi a kashe famfon, a rufe akwatin, sai ɗaki ya sha iska a buɗe.

Yadda ake zuba kifi

A fara da tayar da akwati babu kifi: a kunna filta, a riƙa jefa ɗan abinci kaɗan yana ruɓewa, ana gwadawa har amoniya da naitirayit su hau su sauko zuwa sifili. Soso da aka aro daga tsohon akwati mai lafiya yana rage tsawon jiran. Daga nan a zuba garke ɗaya, a jira mako 2, a gwada, sa'annan a ƙara na gaba. Masu sanyin hali ne ke fara shiga, masu kare muhalli su zo a ƙarshe.

Sabon kifi ya yi mako 2 zuwa 4 a wani ƙaramin akwati na daban, don kada ya shigo da cuta. Ranar zuba shi a bar ledar tana yawo a saman ruwa na minti 15 zuwa 20 har zafinsu ya daidaita, a tsamo shi da raga, a zubar da ruwan shagon. Abinci kuwa iya abin da za su cinye cikin minti 2 ko 3. Duk mako a zuƙe kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan da tiyo a sa sabo. Ba a wanke soson filta a bakin famfo, ba a kuma kusantar da sabulu ko omo ga kayan kifi.

Akwati yana nuna alama idan ya cika. Kifaye suna taruwa a sama suna haki, musamman da asuba. Naitiret yana wuce 40 kafin mako ya zagayo. Fuka-fukai suna yagewa, wani kifi ya lafe a lungu ba ya fitowa cin abinci, cuta ta riƙa dawowa bayan an yi magani. Magani a nan shi ne rage kifi ko ƙara girman akwati. Babbar filta tana taimakawa wajen ƙazanta, amma ba ta ƙara wa kifi filin iyo.

Idan kifi ya fi ƙarfin akwati

A mayar da shi shago, ko a ba wanda ke da wurin da ya fi girma. Abin da ba a yi shi ne sakin sa a rafi, dam ko kwata. Fileko da aka saki daga akwatuna ya zama annoba a ruwayen Filifin, Meziko da kudancin Amurka, inda yake haƙa ramuka a gaɓar kogi yana kuma yaga ragar masunta. A Tafkin Biktoriya, giwan ruwa da aka shigar a shekarun 1950 ya bunƙasa a shekarun 1980, kuma yana cikin manyan dalilan ɓacewar kimanin nau'i 200 na ƙananan dangin karfasa da babu su a ko'ina sai can. Idan kifi guda da bai dace ba ya yi wa tafki mafi girma a Afirka wannan ɓarna, akwatin falo ba zai kai labari ba.

Kafin a biya kuɗin kowane kifi, akwai tambayoyi biyar da ya kamata a samu amsarsu: mene ne cikakken sunansa, wane girma zai kai, wane zafi da wane ruwa yake so, shi kaɗai yake zama ko a garke, kuma wa yake ci ko wa ke cin sa. Mai shago yana da muradin a saya, don haka a tabbatar da amsar daga wata kafa ta daban, sunan kimiyya ya fi sauƙin bincikawa a intanet. Kifin da ba a samu amsar waɗannan tambayoyi a kansa ba, a bar shi a shago har sai an samu.